Sabon Inji a Tsohuwar Mota: Ta Ina Zafi Zai Fita?



Da aka aiko mana da takardar gayyata, aka ce mu zaɓi abin da za mu yi magana a kai, mun san da yawa daga cikinku sun zaci zancen mulki ko na tattalin arziki za mu ɗauko. To, ku gafarce mu, yau gareji za mu kai ku. Akwai wata al'ada da ta kafu tsakanin masu sha'awar tsofaffin motoci a Amurka da ƙasashen Turai, watau mutum ya samo tsohuwar motar gudu mai kujera biyu, irin wadda iska ke sanyaya injinta, ya sauke injin nan, ya ɗora na zamani wanda ruwa ke sanyayawa. In aka faɗi abin a baki, sai ka ce canjin taya ne. Alhali kuwa ɗora injin shi ne mafi sauƙi a cikin aikin duka. Wahalar tana wurin nema wa zafi hanyar fita daga motar da tun ran gini ba a yi mata zanen ruwa ba.

Don kada zancen ya yi ta yawo a sama, bari mu kama mota guda mu riƙe. Sunanta Porsche 914. Kamfanonin Volkswagen da Porsche na Jamus ne suka haɗa kai suka fito da ita a 1969, aka ci gaba da ƙera ta har 1976, kuma an yi wajen guda 119,000, mafi yawansu Amurka aka kai. Injinta a tsakiya yake, daf da bayan kujerun, giya kuma tana bayansa. Saboda haka but biyu gare ta, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Mafi yawansu injin Volkswagen mai silinda huɗu suke ɗauke da shi, na farkon mai lita 1.7 da ƙarfin doki 80. Akwai kuma 'yan kaɗan, wajen 3,300, da aka sa wa injin Porsche mai silinda shida da ƙarfin doki 110, su ne ake kira 914/6. Ku riƙe bambancin nan, za mu koma kansa.

Injin da iska ke sanyayawa ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa shiga Bitil, wadda aka fara haɗawa a Ikko a 1975, ya ji ƙarar irinsa, ya kuma san mai ita ba ya tsayawa a hanya neman ruwan lagireto kamar mai Peugeot 504. Injin 914 ɗan'uwan na Bitil ne, sai dai ya fi girma, kuma fankarsa a kan ƙarfen inji take kai tsaye, ba fambel ke juya ta ba.

To, me ya sa inji ke bukatar sanyi tun farko? In aka ƙone fetur a cikin silinda, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na ƙarfinsa ke juya taya, sau da yawa ma bai kai haka ba. Wani kason ya bi salansa ya fita, saura kuwa ya maƙale a jikin ƙarfe ya zama zafi, kuma tilas a kwashe shi, in ba haka ba fistin ya kama, inji ya buga. Masu injin iska sai suka yi wa silinda da kawunanta fiffike masu yawa, suka rufe su da gwangwani, fanka ta riƙa tura iska ta cikinsu. Dabara ce mai kyau, ba ruwan da zai zuba, ba wanda zai daskare a sanyin Jamus, ba tiyo da zai fashe. Amma iska ba ta da ƙarfin ɗaukar zafi. Kilo guda na ruwa yakan ɗauki zafin da ya ninka na kilo guda na iska sau huɗu, kuma ruwa ya fi iska nauyi wajen sau 800. In ka haɗa biyun, lita guda ta ruwa za ta kwashi abin da sai lita fiye da 3,000 ta iska za ta kwasa. Shi ya sa injin ruwa ke zama daram a wajen digiri 90 na ma'aunin Salshiyos, ko ana hawan tudu ko ana gangara, shi kuwa kan silindar injin iska yakan haura digiri 170, ya sauko, ya sake hawa, yadda hanya da yanayi suka ga dama.

Kuma iska ba ta da adalci wajen rabo. A tsofaffin Bitil, silinda ta uku ita ce 'yar bora, domin abin sanyaya baƙin mai yana tsaye a gabanta, iskar da ke isa gare ta ta riga ta ɗumama. Sai a samfurin 1971 aka matsar da shi gefe. A injin 914 kuwa, in zafi ya yi yawa, mazaunin bawul yakan saki daga cikin kan silinda ya faɗo, in ya faɗo kuwa aikin ya zama babba.

Kamfanin Porsche da kansa ya daɗe yana kokawa da wannan iyaka. Ya yi ta ƙara wa motarsa 911 baƙin mai har ya haura lita 10, domin man ya taya iska kwasar zafi. A motar tserensa ta 1978, da kuma 959 ta shekarun 1980, sai ya sa ruwa a kawunan silinda kaɗai, don ya sami damar sa bawul huɗu a kowace silinda, abin da iska ba ta iya sanyayawa sosai saboda ƙuncin wurin. Daga ƙarshe dokokin hayaƙi da na ƙara suka rufe ƙofar. An ƙera 911 mai injin iska ta ƙarshe a 1998. Amma ku lura da abin da kamfanin ya yi da ya koma ruwa. Bai ɗauki sabon inji ya cusa a tsohon bodi ba. Sabuwar mota ya zana tun daga hanci har wutsiya, lagireto biyu a gaban tayoyin gaba, bututai a shimfiɗe ƙarƙashinta, ruwan da ke zagayawa ya haura lita 20. Haka ma da za a maye gurbin 914 ɗin, motar da ta gaje ta, 924, injinta na ruwa ne, kuma gaba aka kai shi, kusa da lagireto. Watau masu abin da kansu, da injiniyoyinsu da kuɗinsu, sun ga sauya hanyar sanyi daidai yake da sauya mota. Abin da suka kauce wa, shi mutum guda ke shiga a garejin bayan gidansa.

Me ke kai shi? Dalilan ba na wauta ba ne, kada mu raina su. Gyaran tsohon inji daga tushe yana da tsada, masu hannu a kansa suna ta raguwa, kuma bayan an kashe kuɗin, abin da za a samu bai wuce ƙarfin doki 80 zuwa 100 ba. A gefe guda ga injunan Subaru na Japan jibge a wuraren sayar da motocin da suka yi haɗari. Su ma silindoginsu a kwance suke, biyu dama biyu hagu, kamar na Volkswagen, don haka sukan shiga ramin ba tare da sun ɗaga nauyin motar sama ba. Samfurin EJ, wanda ya fito a 1989, mai lita 2.2 yakan ba da wajen ƙarfin doki 135, mai lita 2.5 kuwa wajen 165, mai turbo ya haura 220. A motar da ba ta kai tan guda ba, wannan ninkawa ce, ko ma fiye. Ya tashi da murɗa makulli ɗaya, ba ya ɗigar mai a tsakar gida, ga ƙarancin shan fetur. Wasu ma ba su tsaya nan ba, injin Chevrolet mai silinda takwas suke sawa, irin LS1 na 1997 mai ƙarfin doki 345. Su waɗannan, a ganinmu, sun wuce gyaran mota sun shiga neman suna.

Haɗa injin da giya ba ya ɗaukar dogon bayani. Akwai masu ƙera faifan ƙarfe da ke shiga tsakanin baƙon inji da tsohuwar giya, tare da kuloci da ya dace. Sai dai giyar 914 an yi ta ne don ƙarfin doki ɗari da 'yan kai, kuma giya ta ɗaya ita ce mai rauni, har masu injin silinda takwas sukan tashi da ta biyu don tsoron kada ta kakkarye. Wasu sukan ɗauko giyar Subaru ɗin gaba ɗaya, su toshe hanyar da ke kai ƙarfi tayoyin baya a motar asali, su bar biyun gefe. A 914 hakan yana yiwuwa domin inji na gaban giya, kamar yadda yake a Subaru. A Bitil ko 911, inda inji ke bayan giya, in ka yi haka ba tare da juya haƙoran ciki ba, sai ka sami giya biyar na baya da ɗaya ta gaba.

Yanzu mu zo ga ruwa, inda aikin yake.

Lagireto yana son iska mai bugowa, ita kuwa a hancin mota take. Hancin 914 rufe yake ruf, domin ba a taɓa nufin iska ta shiga ta nan ba. Tilas a ɗauko abin yanka a buɗe baki a gaban bodi. Wannan shi ne yanka na farko. Amma iskar da ta shiga, in ba ta da mafita, ba za ta ratsa lagireto ba, sai ta taru ta tsaya kamar mutane a ɗakin da ke da ƙofa ɗaya. A nan ne masu koyo suka fi faɗuwa, su sayi ƙaton lagireto, su ƙara fanka biyu, mota ta ci gaba da tafasa, ba su san laifin na mafita ba ne. Don haka sai yanka na biyu, ko a ƙasan but, ko a bangon da ke kusa da tayoyin gaba, ko a saman murfin. Kuma mafitar ta kamata ta fi mashigar faɗi, domin iska in ta yi zafi kumbura take yi. Kowane yanka kuwa ƙarfin bodi yake ragewa, domin 914 ba ta da shasi dabam, bodin nan shi ne ƙashin bayanta, kuma ƙafafun gaba a jikinsa suke ɗaure. Wanda ya yanka bai yi walda ya ƙarfafa gefen ba, zai ji sitiyari ya sauya hali.

But na gaba ya tafi ke nan. Safayar taya da ke kwance a cikinsa ta rasa wuri, kuma, abin dariya, ruwan wanke gilashi ma ya tsaya, domin a 914, kamar a Bitil, iskar safaya ce ke tura shi. Tankin fetur kuma yana nan daf da wurin, sai an sa abin tare zafi tsakaninsa da iskar lagireto.

Sa'an nan ruwan ya yi tafiya. Daga inji a tsakiyar mota zuwa hanci kusan mita uku ne, dawowa ma haka. Famfon ruwan Subaru an yi shi ne don lagireton da ke taku ɗaya daga inji. In bututun ya yi ƙunci, ko lanƙwasarsa ta yi yawa, famfon ya gaza turawa. In an bi da shi ta ƙarƙashin mota, dutse ko tudun hanya na jiransa, ga shi motar dama a ƙasa take. In an bi da shi ta cikin dogayen ƙarafan gefe, ya fi tsaro, amma nan ne tsatsa ta fi cin 914, musamman ɓangaren da ke ƙarƙashin batir, inda ruwan batir da na sama ke haɗuwa su gangara. Mai hankali yakan fara gyara tsatsar nan kafin ya sayi ko da ƙusa ɗaya ta sabon inji, domin ƙarfin doki 165 a kan ruɓaɓɓen ƙarfe ajali ne aka ɗora wa taya.

Babban maƙiyin tsarin duka kuwa ba a ganinsa da ido. Iska ce, wadda ke maƙalewa cikin bututu. A motar da aka zana don ruwa, murfin da ake zuba ruwan shi ne wuri mafi tsawo, kumfa ya hau can da kansa ya fita. A motar da aka sauya, bututu ya hau ya sauka ya sake hawa, kowane tudu maɓoyar iska ne. In kumfa ya tsaya a kan silinda, wurin ya yi zafi shi kaɗai, allurar da ke gaban direba kuwa tana nuna lafiya lau, domin abin awon ba a cikin ruwa yake ba a lokacin. Kafin a farga gaskit ya ƙone. Shi kuwa injin Subaru mai lita 2.5 na ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 dama an san shi da raunin gaskit ko a cikin motarsa ta asali. Maganin shi ne a kafa ƙaramin tanki a wurin da ya fi ko'ina tsawo a ɗakin inji, a ja siraran tiyo daga kowane tudu zuwa gare shi, a kuma sa murfi mai riƙe matsi, wanda ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120.

A nan za mu ɗan ratse, mu yi magana da waɗanda suka fara karɓar albashi suka sayi mota. Kun san al'adar wasu kanikawanmu ta cire tamostat, su haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi, abin na ƙasar sanyi ne. Tamostat ba don ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba. Shi ne ke riƙe injin a zafin da aka auna fistin da silinda a kansa. In babu shi, ƙwaƙwalwar inji, wadda suke kira birenbos, takan ɗauka har yanzu injin bai ɗumama ba, ta yi ta ƙara fetur, man ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. Wanda zai sa injin zamani a tsohuwar mota ya cire tamostat, ya jefar da rabin abin da ya saya ke nan.

Ita ƙwaƙwalwar ma aiki ce mai zaman kanta. Sabon inji ba ya tashi sai da ita, ita kuwa tana jiran saƙo daga na'urori da dama, wasu suna jikin injin, wasu an baro su a motar da aka ciro shi. Sai an zauna da zanen wayoyi, an warware damin nan ɗaya bayan ɗaya, an cire na fitila da na tagogi, an bar na inji. Injunan baya-bayan nan har makullinsu na asali suke nema kafin su yarda su tashi. Ga kaskon baƙin mai na Subaru da ke leƙowa ƙasa, sai an gajarta shi. Ga birki, wanda aka yi don rabin wannan ƙarfin. Ga ɗumin cikin mota, wanda da daga jikin salansa ake ɗebo shi, yanzu sai an shigo da ruwan zafi har gaban direba. Riba ɗaya dai a nan, an huta da haɗarin hayaƙin salansa ya sulalo cikin mota in gwangwanin ya huje.

Hukuma ma tana da ta cewa. A jihar Kalifoniya, inda irin motocin nan suka yi yawa, doka ta ce injin da za a sa ya zama na shekarar motar ko wanda ya fi ta sabunta, da dukan kayan tace hayaƙinsa. Amma motocin samfurin 1975 zuwa baya an ɗauke musu zuwa awon hayaƙi, don haka 914 ta 1975 da ta 1976, ko da kamarsu ɗaya, ba matsayinsu ɗaya ba a wurin mai niyyar sauya inji. A Jamus kuwa, tun 1997 akwai lamba ta musamman mai harafin H a ƙarshe, wadda ake ba motar da ta shekara 30 tana kusa da yadda aka ƙera ta, da sassaucin haraji. Baƙon inji na zamani yakan hana mota samun lambar nan.

To, daga nan ne gardama ke tashi, kuma gardama ce ta gaske. Masu riƙon asali suna cewa injin iska shi ne ran motar: ƙararsa, ƙamshin mai da ke tashi in ya yi zafi, yadda sai ka lallaɓa shi da safe. Ka cire shi, in ji su, ka bar akwati kawai mai tambarin Porsche. Suna kuma da hujjar kasuwa, domin mai saye yakan duba lambar inji ya gwada ta da ta bodi, in sun dace da takardun kamfani kuɗi ya hau. Su kuwa ɗaya ɓangaren suna da tarihi a hannunsu. Porsche ta farko, wadda Ferry Porsche ya ƙera a garin Gmünd na Ostiriya a 1948, injin Volkswagen ne aka ɗora mata a tsakiya. Shahararriyar motar nan Cobra ta 1962, bodin kamfanin AC ne na Ingila da Carroll Shelby ya sa wa injin Ford na Amurka, yau kuwa ba mai kiranta gurɓatacciya. Kai, Volkswagen kansa, a Burazil, a ƙarshen 2005 ya cire injin iska daga Kombi ya sa na ruwa, ya manna mata baƙin lagireto a goshi, ta ci gaba da fita a haka har 2013.

Mu dai ga inda muka tsaya. Ba mu ga laifin wanda ya tsinci 914 mai silinda huɗu a bayan gida, injinta ya riga ya mutu ko ya ɓata, tsatsa ta ci gindinta, ya tashe ta da injin Subaru ba. Irinta dubbai ne, kuma motar da ke tafiya a kan titi ta fi wadda kaji ke ƙwai a cikinta. Amma wanda ya sami 914/6, ɗaya daga cikin 3,300 ɗin nan, ko kuwa mai silinda huɗun da ta kai yau lafiyayya da injinta na asali, ya ɗauko abin yanka, wannan garin neman gira zai rasa ido, kuma ba idonsa kaɗai ba, domin ba za a sake ƙera wata ba. Tsakanin biyun nan kuwa ma'auninmu shi ne tambaya ɗaya: in wani ya gaji motar bayan shekara ashirin ya so mayar da ita yadda take, zai iya? Abin da aka ɗaura da ƙusa ana kwance shi. Abin da aka yanka sai walda, ita kuwa walda ba ta ɓuya ga mai ido.

Shi ya sa masu yin aikin da natsuwa sukan ajiye duk guntun ƙarfen da suka yanka daga hanci da ƙasan but, su rubuta a jikinsa inda ya fito. Sukan ɗauki hoton kowace waya kafin su cire ta. Tsohon injin kuwa, ko ya buga, ba sa sayar da shi. Su tsiyaye man da ke ciki, su ɗiga sabo ta ramin fulogi, su toshe kowace kafa don ɓera da laima, su ɗora shi a kan katako a lungun gareji da gwangwanayensa duka, lambarsa tana kallon waje, don in an zo sayar da motar a tafi da su tare.

Shugaban taro, mun ga ka fara duban agogo. A nan za mu dakata, in akwai mai tambaya muna saurare.